Ranar da Na Wuce Motar Mai Girma

Jama'a, ku taya ni istigfari. Ranar Asabar ɗin da ta wuce, wajen ƙarfe ɗaya da rabi na rana, ni Ghali, direban da ya shekara goma sha tara a Riyadh ba tare da kyamarar hanya ta taɓa haska shi ba, na kunna sigina, na fita layin hagu, na wuce motar babban mutum. Ba kuskure ba ne. Idona biyu, ina sane, har hannu na ɗaga masa da zan gifta don kada a ce ban gaishe shi ba. Tun ranar wayata ba ta huta ba. Wasu sun ce na zubar da mutuncin jiharmu a ƙasar mutane, wasu sun ce zaman Saudiyya ya cinye mini tarbiyya. Shi ya sa na ce bari in zo nan in faɗi yadda aka yi da bakina.

Duk rigimar a kan Maulud ce. In dai kuna da waya kun san shi, shi ne yaron nan mai tseren mota da jaridun gida suka raɗa wa suna Walƙiyar Sahel. Ni kuwa tun yana yawo ba wando na san shi, domin ɗan maƙwabcina ne a unguwar Shifa. Ubansa, Malam Laouali, mutumin Maradi ne, shekararsa ashirin da shida yana sa taya yana cire taya a wani filin tseren ƙananan motoci a bayan gari. Yaron yana bin sa can bayan makaranta. Wata rana kafilin uban, wato Balaraben da ya tsaya masa a takardar zama, ya ce a bar shi ya ɗana. Daga ɗanawa ne abu ya girma, har bana wata ƙungiyar tsere ta ba shi gwaji a motar gaske. Sharaɗin a fili yake: tsere uku, ya shiga cikin goman farko ko da sau ɗaya ne. In bai shiga ba a ba wani kujerar, kuma 'ya'yan masu hali suna nan a layi da hulunan kwanonsu a hannu.

To ga abin da jaridu ba su gaya muku ba. A tseren farko ya zo na goma sha huɗu cikin ashirin. A na biyu, zagaye na uku ya bar kwalta ya shige yashi, sai da aka jawo shi da igiya. Amma kafin ya shiga yashin, a wata kwana ya wuce motoci uku a lokaci guda, wani ya ɗauka a waya. Daƙiƙa ashirin ne hoton. Mai ɗaukar ya yanke wajen yashin, ya tura gida. Shi ke nan, gari ya ɗauka.

Wani gidan rediyo ya ce yaron yana gudun kilomita ɗari biyar. Wani mai sharhi, wanda na tabbata ko keke bai iya ba, ya ce Turawa sun shiga taron gaggawa. Har Delou, mai tuwon da muke ci a Shifa, ta tare ni da nata labarin tana zuba mini miya.

"Malam Ghali, an ce fa har da jirgin sama ya yi tsere."

"Wa ya ci?"

"An ce jirgin ne ya ce a bari sai an sha iska."

Na ce mata na goma sha huɗu dai na goma sha huɗu ne. Da ɗana ne ya kawo mini wannan sakamako daga makaranta, ba 'yan jarida zan kira ba, malamin darasi zan nema. Ta ce hassada ce irin ta tsofaffin direbobi, ta kuma rage mini nama.

Akwai abin da ban gaya mata ba, amma ku zan gaya muku. Walƙiyar Sahel ba shi da lasisin tuƙi. Sau biyu yana faɗuwa jarrabawa. Karon farko bai kunna sigina ko sau ɗaya ba, don motarsu ba ta da ita. Karo na biyu aka ce ya faka da baya, ya kwashe robobin da aka jera gaba ɗaya. Saboda haka duk ranar tsere ni nake kai shi fili a tsohuwar motata. Ranakun aiki kuwa bas nake ja, ina kwasar ma'aikata zuwa Birnin Masana'antu na Biyu, inda suke ce mini Baba Sannu-Sannu.

Ana cikin haka jiharmu ta gano shi. Ba zan faɗi sunan jihar ba, kowa ya duba tasa. An kafa kwamiti, kwamiti ya zauna, ya binciko cewa a ƙaramar hukumarmu aka yanke cibiyar mahaifiyarsa Shafa'atu. Da aka tuna musu uban ɗan Maradi ne, suka ce wannan ƙaramar matsala ce ta taswira. Yaron da bai taɓa taka ko ɗaya daga ƙasashen biyu ba, wanda Larabci ya fi Hausa zama a bakinsa, ya wayi gari ya zama abin alfaharin jiha. Nan da nan aka naɗa Mai Girma Babban Mashawarci na Musamman kan Harkokin Gudu da Saurin Ci Gaba, aka haɗa masa tawagar mutum talatin da ɗaya su zo su ƙarfafa wa yaro gwiwa a tserensa na uku. Akwai mai riƙe jawabi, akwai mai riƙe tabaran da za a karanta jawabin, akwai mataimakin mai riƙe tabaran. A makon da suka taso, ƙanena ya yi kwana biyu a layin mai da babur ɗinsa. Ni dai ban ga laifinsu ba. Mutanen da suka shekara takwas suna gyaran gada ɗaya, ai ya kamata a kawo su su ga yadda ake sauri.

Aka ce liyafa ƙarfe goma na safe a wani otal a Murabba, daga nan a raka yaro fili. A wannan sana'a kuwa akwai ƙa'ida guda da ba ta lanƙwasuwa: ƙarfe biyu daidai ake taron direbobi, kowa ya sa hannu. Wanda bai sa hannu ba, ba zai hau mota ranar ba, ko ɗan wane ne. Daga Murabba zuwa filin, can wajen Dirab, ya kai kilomita arba'in da biyar. Tun da sassafe na ja Jibrin gefe na yi masa bayani. Jibrin shi ne Babban Jami'in Tsara Zama da Tashi na tawagar, mutum mai waya uku da gumi a goshi.

"Yallaɓai, ƙarfe biyu ake rufe takarda."

"Malam, Mai Girma ne fa zai zo. Za su jira."

"Yallaɓai, nan ba a jira."

"Ko'ina ana jira," in ji shi, ya dafa kafaɗata cikin tausayi.

Mai Girma ya sauko ƙarfe sha biyu da kwata, Allah ya ƙara masa lafiya. Ya yi jawabi mai ratsa jiki. Ya ce kafin ƙarshen shekara za a gina filin tsere irin na zamani a jiharmu, wanda babu kamarsa a Afirka. Na yi tafi sosai, domin hanyar garinmu ma tun ina saurayi aka yi mata irin wannan albishir, kuma har yau in damina ta sauka a kafaɗa ake tsallakar da babur. Aka zura wa Maulud babbar riga a kan kayan tserensa, aka kafa masa hula, aka miƙa masa wani allon karramawa mai nauyi wanda hoton Mai Girma ya cinye kashi uku cikin huɗunsa. Yaro sai duban agogo yake yana dubana.

Malam Laouali yana can baya a tsaye cikin shaddarsa ta Sallah. Ba wanda ya ce masa ga kujera. Jibrin ma da ya zo wucewa ya ɗauka ma'aikacin otal ne, ya miƙa masa wata baƙar jaka ya ce ya riƙe. Ya karɓa da hannu biyu ya ce, "Hadir." Kalmar ke nan da muke ce wa iyayen gida a nan, ma'anarta an gama, ranka ya daɗe. A shekara goma sha tara da na yi a nan ban taɓa jin bawan Allahn nan ya ce wa wani a'a ba. Raina ya ɓaci, amma na yi shiru, don ni ma ɗan hadir ne.

Ƙarfe ɗaya da minti biyar aka fito. Jibrin ya nemi jiniya, aka ce masa nan ba a ba kowa, ya yi jimami, ya ce to kowa ya kunna fitilun gefe. Ya jera motoci tara. Ta farko ta masu ɗaukar hoto, ta biyu ta Mai Girma, sauran na masu riƙe-riƙe. Ta tara, can ƙarshe, ita ce tawa, mai ɗauke da yaron da aka zo dominsa. Maulud na gefena, ubansa na baya da allo a cinya da jaka a kan allon.

Ku da kuke gida kun san dokar ayari. Ba a rubuta ta a ko'ina ba, a nono muka sha ta: ba a wuce motar babba. Ko tayarsa ce ta fashe, sai ku tsaya ku yi ta sannu har a gyara. Ni na ga mahaifina ya sauka daga keke ya cire takalmi don wata mota mai tuta za ta gifta, kuma babu kowa a cikinta sai direba.

Muka hau babbar hanya, inda doka ta yarda a yi ɗari. Ayarinmu ya tsaya a arba'in. Dalili kuwa, Mai Girma yana hira da 'yan jarida a cikin mota, mai kyamara kuma ya ce in an ƙara gudu hoto yana rawa. Direbobin Riyadh, waɗanda ba su san darajar manya ba, suka yi ta danna mana oda suna wucewa ta hagu da dama. Wani tsoho a motar ɗaukar tumaki ya sauke gilashi ya tambaye ni ko gawa muka ɗauko.

"Ammi," in ji Maulud, haka yake kirana, wato baffa. "Yalla, don Allah, wuce su."

Na dubi ubansa ta madubi.

"Ba a wuce babba, Maulud," in ji Malam Laouali. "Yi haƙuri."

Na kira Jibrin a waya na roƙi izini mu yi gaba.

"Ka san abin da kake faɗa kuwa?" in ji shi. "Hoto fa ake ɗauka. In yaron ya riga Mai Girma isa, wa za a ce ya kawo wani?" Ya kashe.

Gaskiya tsoro nake ji, kuma ba na 'yan sanda ba, don ko na wuce su ban karya dokar kowa ba. Tsoron baki nake ji. Mutanen nan sun san gidanmu, sun san unguwarmu, gobe a ce ɗan gidan wane ne ya yi wa Mai Girma rashin kunya a ƙasar waje.

Wayar Maulud ta yi ƙara. Manajan ƙungiyarsu ne. Da Larabci suka yi magana, amma na ji komai. Ya ce in ba zai iso ba ya faɗa tun yanzu, yaron da ke jiran kujerar yana nan ya riga ya sa kaya. Maulud ya ajiye wayar, ya cire hular da aka kafa masa ya ɗora a gwiwa. Agogo ya nuna ɗaya da minti ashirin da takwas, allon hanya ya nuna saura kilomita talatin da huɗu.

Can sai na ji murya daga baya.

"Malam Ghali, tayun motar ga, wa ya sa maka su?"

"Kai ka sa su."

"To ka yarda da su. Wuce shi."

"Malam Laouali, Mai Girma ne fa."

"Naku ne. Ni mutumin Maradi ne." Ya gyara zaman allon a cinyarsa. "Shekara ashirin da shida ina durƙushe gaban mota ina ɗaura taya don ɗiyan wasu su wuce. Yau nawa za ya wuce. Tahi, Malam."

Na yi bisimilla na kunna sigina. Mota ta takwas, ta bakwai, ta shida. A ta uku na hango Jibrin ya manna fuska a gilashi, wayoyinsa uku a hannu, bakinsa a buɗe. Da na zo daidai Mai Girma na ɗaga hannu, shi ma ya ɗaga mini yana murmushi, ya ɗauka magoya baya ne. A kan casa'in na yi wannan ta'asa duka, ko ɗarin ban cika ba.

Sai dai gaba kaɗan muka tarar da cunkoso, manyan motoci sun cika hanya. A nan ne na ga abin da ya sa na zauna rubuta wannan shafi. Yaron ya miƙe zaune, idonsa ya canza.

"Ammi, dama. Yanzu."

"Dama ai tirela ce."

"Za ta fita. Direban ya duba madubi sau biyu."

Na koma dama, tirela ta fita, hanya ta buɗe.

"Kar ka taka birki. Farar can za ta matsa, tayarta ta juya."

Ta matsa. Haka ya yi ta yi da ni kusan minti goma, bai yi kuskure ko sau ɗaya ba. Ni shekara goma sha tara bayan motar da ke gabana nake kallo. Shi mota ta biyar a gaba yake kallo, yana karanta wuyan direba da kan taya, ya san abin da mutum zai yi kafin mutumin ya sani. Sau ɗaya kawai muka saɓa, da ya ce in ƙara wuta na ce masa akwai kyamara, kuma ba zan ɓata tarihina saboda walƙiyar kowa ba. Biyu saura minti shida muka tsaya a ƙofar fili. Ya fita da gudu, babbar riga ta harɗe shi, ya tuɓe ta ya jefa wa ubansa ya shige.

Tawaga ta iso uku saura. Aka zaunar da su a rana, don ba wanda ya tuna ya nema musu takardar shiga rumfa. Da aka fara tsere Mai Girma ya kalli zagaye huɗu, ya tambaya me ya sa suke ta dawowa wuri ɗaya, ya ce zafi ya yi yawa. Suka tashi suka tafi kasuwar Batha sayen turare da dardumai. Jawabin rufe taro ma bai samu ba, domin yana cikin baƙar jakar nan da ke hannun Malam Laouali. An ce a cikin laifuffukanmu wannan ya fi yi wa Mai Girma ciwo.

Maulud ya tashi a na goma sha shida, ya gama a na takwas. Kujera ta zama tasa har ƙarshen kakar wasa. Ubansa ya kalli tseren a tsaye a jikin shingen waya, rungume da riga da allo da jaka, kuma ya ce mini wannan ne karo na farko da ya ga tsere daga sama har ƙasa, don kullum yana durƙushe a bayan rumfa. Da yaron ya gifta layin ƙarshe bai yi ihu ba. Ya sa hannun babbar rigar jiha ya share ido, ni kuma na yi kamar ina duba taya.

To, masu tambayata ko yaron ya cancanci wannan surutu, ga amsata. Bai cancanta ba. Na takwas na takwas ne, mutum bakwai suna gabansa, kuma babu jirgin da ya nemi a ɗaga masa ƙafa. Amma yana da ido, na gani da nawa idon, kuma in an bar shi ya yi ta faɗawa yashi yana fitowa, wata rana zai zama abin da ake cewa ya riga ya zama. Abin da ya kusa raba shi da kujerarsa ba yashi ba ne, ba 'ya'yan masu hali ba ne. Masu zuwa taya shi murna ne.

Washegari jaridun gida suka fito da babban kanu: Walƙiya ya girgiza duniya bisa jagorancin Mai Girma. A hoton an yanke Malam Laouali, hannunsa kawai ya rage riƙe da jaka. Ni kuma an ambace ni a sakin layi na ƙarshe, an ce wani direba da ba a tantance ba ya kawo cikas ga tsarin ayari. Jibrin ya aiko a karɓi jaka, ya kuma ce in rubuto takardar ban haƙuri, mu biyu mu sa hannu. Na kai wa Malam Laouali har wajen aikinsa, na same shi durƙushe gaban wata taya. Ko ɗagowa bai yi ba.

"Na hwaɗa maka, Malam Ghali. Naku ne."

Saboda haka ni kaɗai zan sa hannu. Ranka ya daɗe, a gafarce ni, sharrin zafin rana ne. Sai dai akwai abin da ya kamata in sanar da hukuma tun da wuri. Jiya ina kai Walƙiya makarantar koyon tuƙi, don ranar Talata zai sake gwada fakin da baya, sai ga wata baƙar mota mai baƙin gilashi tana tafiyar isa a gabanmu. Kafin in yi tunani, na ga hannuna ya riga ya kunna sigina. Ashe abin shiga jiki yake yi. A gaya wa masu girma na gida ina nan zuwa hutu bayan Sallah, kuma da kaina zan tuƙa.